Shekarar da Turmin Kaka Ya Yi Shiru

Hanan, ke da ƙannenki kun sha tambayata me ya sa uwarku take ajiye fasfonta na Birtaniya a cikin tsohon gwangwanin madarar gari, wanda in aka buɗe shi har yau yana ƙanshin gyaɗa da citta. Ita ba za ta gaya muku ba, domin in ta fara sai muryarta ta karye. Na kuma ji an ce muku kakarmu Hajja Dije ta rasu tana fushi da uwarku. Wanda ya faɗi haka ba ya gidan a lokacin. Ni ina nan, ina 'yar makaranta mai kunyar magana, wadda ake mantawa da ita a gefen tabarma, shi ya sa na ji abin da wasu ba su ji ba.

Gidanmu yana unguwar Hindawiyya a Makka, a wani lungu da mota ba ta shiga sai ta naɗe madubinta. Mu muna hawa na biyu, Kaka tana ƙasa saboda gwiwa. Baba tasi yake ja, lokacin Hajji kuma ya tafi Arfa aikin rabon abinci, ya dawo fuskarsa ta yi baƙi ƙirin da rana. Kaka ba ta taɓa kiran sunansa ba, tunda ɗan fari ne, Mai Mota take ce masa. Ni kuma Mai Shiru. Idanunta sun yi hazo tun kafin in yi wayo, amma kunnenta yana bambance takun kowa a kan matakala. A bayan ƙofarta akwai wani turmi da ya tsage aka ɗaure shi da ƙarfe, wanda ta ce uwarta ta saya a Sudan. Ba a daka yaji a cikinsa, ba a daka komai sai abu ɗaya. Duk wanda zai yi doguwar tafiya daga gidanmu, Kaka ce take soya gyaɗa da aya, ta daka masa dakuwa ta guzuri. Ba ta cewa na yarda ko ban yarda ba. In ka ji turmi, ta sa maka albarka. In ba ka ji ba, ka san matsayinka. Wani kawunmu ya taɓa tafiya Riyad ba tare da turmi ya yi ƙara ba, har yau in wani abu ya lalace masa sai ya ce guzurin nan ne.

Tana dakan ne tana lissafa zango. Kakanta, wanda take kira Tsoho, ya bar ƙasar Hausa shekarar da Nasara suka shigo, ya ce ba zai yi musu mubaya'a ba, ya ɗauki iyalinsa ya fuskanci gabas. Tafiyar ta ci ransa, ta ci ƙuruciyar ɗansa, ana noma a nan shekara biyu, ana ɗinki a can shekara uku. Kowane bugun taɓarya da sunan gari da abin da aka bari a cikinsa: Kukawa, inda jaki ya mutu. Abeshe, inda aka binne Tsoho. Fashir, inda aka haife ni. Sinnar, inda muka cire auduga da hannu. Sawakin, inda muka ga ruwan da ba shi da gaɓa. Jidda. In ta zo Makka sai ta ajiye taɓarya ta ce Alhamdu lillahi, shi ke nan, babu komai bayansa.

Uwarku, Yaya Sa'adatu, ta yi aure ta bi mijinta Manchesta ina ƙarama. A shekarar da nake ba ku labari ta zo mana a watan Sha'aban, tana goye da ke. Na lura da abubuwa biyu a ranar farko. Na ɗaya, ta shigo ɗakin da aka haife ta tana tambayar inda makunnin fitila yake. Na biyu, a ƙasan jakar kayanki akwai wani littafi da aka yi wa bango da jaridar Larabci. Sai da muka kaɗaice a kicin ta buɗe min.

"Jarrabawa zan yi in na koma, ya bint. Tarihin ƙasar, da gwamnatinsu, da al'adunsu. In na ci za su ba ni ƙasa."

"Ana ba mutum ƙasa don ya ci jarrabawa?"

"Su haka suke yi. Amma wallahi kar Sitti ta ji." Sitti take ce wa Kaka, da Larabcin Makka.

Na daɗe ina juya maganar a raina. Mu an haife mu a Makka, ubanmu ma haka, amma iƙama muke riƙewa, takardar zaman baƙo, fasfonmu kuma na Chadi ne, ƙasar da ba wanda ya taɓa ganinta a cikinmu. Ban taɓa jin cewa akwai inda za a zaunar da kai a gaban na'ura, a tambaye ka kakannin wasu mutane, in ka amsa daidai su ce daga yau kakanninka ne ba. Yaya ta ce a gidanta ita kaɗai ce baƙuwa. Mijinta ɗan ƙasa, ke da ba ki fara tafiya ba 'yar ƙasa, ita kuma a ko'ina sai ta tsaya tana bayanin kanta.

Haka muka fara. Kullum na dawo daga makaranta, kafin in cire rigar makaranta ma, muna kicin. Turancina na aji ne, wanda malamarmu, da muke kira Abla, take koya mana, ina iya karanta tambaya amma ban san ma'anarta ba, sai Yaya ta amsa ta kuma fassara min da Hausa da Larabci a cakuɗe. Ban taɓa jin irin abubuwan da na ji a kicin ɗin nan ba. Wai ƙasa huɗu ce aka haɗa ta zama ɗaya, kowacce da furenta. Wai akwai manyan duwatsu da mutanen dauri suka kakkafa a da'ira a tsakiyar fili, ba wanda ya san yadda suka ɗaga su. Wai gobara ta tashi daga gidan mai gasa burodi ta cinye birni. Wai mutum goma sha biyu ake tsintowa daga cikin talakawa, mai gyaran famfo da mai sayar da kifi, su ne za su ce mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Ina riƙe da littafin ina kallon taga, ina ganin duniya ta yi faɗi fiye da yadda aka gaya min.

Umma tana yankan albasa, wai ba ta sauraro, har ranar da muka zo kan wani sarki da ya auri mata shida.

"Shida? Malaman garin suna ina?"

"Ba a tare ba, Umma. Ɗaya bayan ɗaya. Biyu ma sare musu kai ya sa aka yi."

"Inna lillahi. Shi ne za a tambaye ki sunayensu? Ki ce musu ba kya shiga maganar gidan mutane."

Muka yi dariya har kika farka. Abin da muka manta shi ne tagar kicin ɗin tana buɗewa cikin manwar, ramin nan da ake bari a tsakiyar gini don iska da haske, wanda yake sauka har ɗakin Kaka. Duk abin da aka faɗa a sama yana faɗowa ƙasa kamar an zuba shi a mazurari. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, ta aika in kira mata Yaya da Baba.

"Sa'ade, waɗanne sarakuna kike haddacewa kamar izu?"

Yaya ta durƙusa ta faɗi gaskiya. Kaka ta saurara har ƙarshe, tana murza carbi, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"In kin ci, sai me?"

"Sai a kira ni in yi rantsuwa, ya Sitti."

"Rantsuwar me?"

"Ta biyayya. Ga Sarauniya da dokar ƙasar."

"Mai Mota, ka ji? Abin da Tsoho ya mutu a Abeshe don kada ya yi, shi 'yar zuriyarsa take karatu dare da rana don a bar ta ta yi."

Baba ya buɗe baki, ta ɗaga hannu. Yaya tana kuka ta ce wallahi in Kaka ba ta yarda ba, ba za ta zauna jarrabawar ba, ko mijinta zai yi fushi, ko za ta ƙare rayuwarta baƙuwa. Ta rantse a gabanmu, kuma duk wanda ya san uwarku ya san ba ta rantsuwa sau biyu. Kaka ta juya fuskarta wajen bango.

Daga ranar gidan ya koma sauraron abu ɗaya. Umma ta sayo gyaɗa da aya ta ajiye a bakin ƙofar Kaka, wai ta manta da su a can. Suka zauna a ledarsu. Na lura gizo-gizo ya fara saƙa tsakanin taɓarya da bango. Yaya ta daina buɗe littafin, ta tura shi ƙarƙashin katifa, tana yini a Harami tana ɗawafi, ta dawo ƙafafunta sun kumbura. Ranar komawarta kuma tana matsowa.

Aikina ne bayan La'asar in sauka in tsince shinkafa a gefen Kaka. Ana nan wata rana, ba ta ko juyo ba, ta ce:

"Ke Mai Shiru, kicin ɗin ya mutu ne? Sarkin nan da mutanensa suka kama, me suka yi masa? A nan kuka tsaya."

Faifan ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na ce sare masa kai suka yi, domin ya ce shi ba mai tambayarsa. Ta yi salati. Ta tambayi Sarauniyar yanzu, na ce ita ba ta yanke hukunci, majalisa ce take yin doka ita ta sa hannu. Ta ce to rawanin na me? Na ce ban sani ba. Washegari ta sake tambaya, jibi ma haka. Ban taɓa yin magana mai tsawo da kowa ba kamar yadda na yi da ita a kwanakin nan. Na ba ta labarin annobar da ta share garuruwansu har aka rasa masu girbi. Na ba ta labarin yaƙin da ake jefa musu wuta daga sama, suka zuba 'ya'yansu a jirgin ƙasa, kowane yaro da sunansa a rataye a wuyan riga, aka kai su ƙauyuka wajen mutanen da ba su sani ba. A nan ta tsayar da carbinta.

"Su ma sun gudu da yara?"

"Sun gudu, Kaka."

"Ikon Allah. Ni na ɗauka su kullum su ne masu kora." Ta ci gaba da murza carbin. "Mu muna cikin littafin?"

Na ce akwai inda aka ce sun mallaki ƙasashe da yawa a Afirka, daga baya suka bar su. Ta ce shi ke nan? Na ce shi ke nan, layi kaɗan ne. Ta yi wata dariya da ba ta fito ba, ta ce tafiyar da ta ci mutum uku a gidanmu ko layi ba ta samu ba.

Duk da haka turmi bai motsa ba. Maganarta ɗaya ce in an taɓo zancen: Sa'ade ta zauna, ɗakinta yana nan, mijin ya zo ya same ta, wa ya taɓa barin Makka don ya nemi ƙasa? Duk sanda ta faɗi haka sai ɗakin ya yi tsit. Manya sun haɗa baki tun zuwan Yaya cewa kada a gaya mata yadda ta shigo, don kada zuciyarta ta ɗauka da zafi. Saura kwana kaɗan a tafi, ina tsintar shinkafa, ta miƙo hannu ta kama wuyan hannuna. Hannunta busasshe ne, amma da ƙarfi.

"In na ce ta zauna, ubanki sai ya yi tari. Uwarki sai ta tashi duba tukunya. Ke ba kya tari. Gaya min."

An hana ni, kuma ban taɓa ƙetare maganar Baba ba. Amma na ga in na yi shiru, shirun nan da kowa yake yabona da shi, shi zai sa Yaya ta koma ba guzuri.

"Ba za ta iya zama ba, Kaka. Iƙamarta ta faɗi tun da ta tafi. Da bizar umra ta shigo, kamar alhazan da Baba yake ɗauka a Aziziyya. In ranarta ta cika dole ta fita."

"A ɗakin nan aka yanke mata cibi."

"Na'am."

"To ina ƙasarta?"

"A takarda Chadi."

"Chadi wucewa muka yi."

Ta saki hannuna. Ta san da iƙama, mana, tana jin Baba yana zancen sabuntawa kowace shekara, amma ta ɗauke ta kamar kuɗin wuta da na ruwa, abin da mai gida yake biya. Ba ta taɓa tunanin takarda ce da take iya faɗuwa ta bar jikarta a waje ba. Ta tambaye ni, in Mai Mota ya tsufa ya daina aiki fa, ku ina za ku? Na ce ban sani ba. Ta tambayi jaririyar, wato ke, na ce ita tana da ƙasa, duk inda ta je tana da inda za ta koma. Ta daɗe tana fuskantar ƙofa, inda hasken lungu yake shigowa, sannan ta faɗi abin da har yau nake ji a kunnena.

"Ni na ɗauka mun iso."

Baba bai yi min faɗa ba da ya ji. Kallona kawai ya yi, kallon da ya fi faɗa, ya yi kwanaki ba ya ce min in kawo masa shayi. Kaka kuma ta ƙi abinci ranar, ta ƙi magana washegari. Na tabbata na kashe ta a banza.

Ana gobe Yaya za ta tafi, da hantsi, ina sama ina ninke kayanki, sai na ji ƙanshin suyar gyaɗa yana hawowa ta manwar. Na tsaya da riga a hannuna. Umma ta fito daga ɗaki tana kallona, ina kallonta. Can sai muka ji shi, dim, sau ɗaya, har kofunan shayi suka yi motsi a kan faranti. Yaya ta sauka matakala ba takalmi, ba mayafi.

Mun tarar da ita a tsaye. Tsohuwar da sai an kama ta take zuwa alwala, ga ta ta jawo turmi tsakiyar ɗaki ita kaɗai, ta soya gyaɗar a kan ƙaramin risho da lalube, wasu sun ƙone. Ta ɗaga taɓarya da hannu biyu, ta sake saukewa. Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Ta buga na uku, numfashinta ya ɗauke, ta miƙa wa Yaya taɓaryar.

"Karɓi. Kin haddace na mutane, yau ki faɗi naki. Mai Shiru, ɗauko ɗayar taɓaryar ki taya ta. In ta ɓace ki ɗora ta a hanya."

Muka yi lugude ni da uwarku, Kaka tana zaune a bakin gado tana ba mu sunaye, muna maimaitawa. Yaya ta tsallake Fashir, Kaka ta ce, "Ke, a nan aka haife ni, kya tsallake ni?" Muka koma baya. Maƙwabta suka fara leƙowa, don duk lungun ya san muryar turmin nan. Sinnar. Sawakin. Jidda. Muka ce Makka, muka tsayar da taɓare muna jiran Alhamdu lillahi. Ba ta faɗa ba.

"Wa ya ce ku tsaya? Makka, inda aka haifi Mai Mota da 'ya'yansa, inda za a binne ni. Sa'ade, yaya sunan garin naki?"

"Manchesta, ya Sitti."

"Ku buga."

Muka buga. Ta maimaita sunan a hankali, tana gwada shi a bakinta kamar ƙwayar magani.

"Inda Sa'ade ta sauke kaya. Tsoho ya ƙi rantsuwa don ya nema wa 'ya'yansa wurin da za su yi salla ba mai korarsu. In rantsuwa ce yau za ta ba 'ya'yanki wurin, ki yi ta, ki kuma cika ta, mu ba ma rantsuwar ƙarya. Alhakin Tsoho ni zan je in yi masa bayani, na fi ki kusa da shi. Amma in kika faɗi jarrabawar nan bayan na ƙona gyaɗata, kar ki kira ni a waya."

Yaya tana kuka tana dariya, Umma tana goge ido da bakin mayafi tana cewa hayaƙi ne. Kaka da kanta ta dunƙula dakuwar, ta cika gwangwanin madara, ta danne murfin da tafin hannu. Sai a lokacin ta ce Alhamdu lillahi. Da yamma ta sa aka ciro littafin daga ƙarƙashin katifa, ta ce a yi karatun a ɗakinta, ta gaji da ɗaga kunne wajen manwar. Ita ce ta tuna wa Yaya cewa majalisar tasu gida biyu ce.

Uwarku ta ci jarrabawar. Ta kira daga bakin ƙofar wurin, ana ruwan sama, muna jin sa a wayar, Kaka ta ce a matso mata da ita kusa da kunne don ta ji ruwan ƙasar. Amma tsakanin cin jarrabawa da rantsuwa da fitowar fasfo akwai jira mai tsawo, kuma takardun Yaya suna hannun hukuma ba ta iya tafiya. A cikin jiran nan Kaka ta kwanta dama, bayan Hajji da kaɗan. An yi mata salla a Harami, an binne ta a Makka kamar yadda ta faɗa. Uwarku ta ji a waya. Wannan shi ne abin da ba ta iya ba ku labarinsa.

Turmin yana wurina yanzu, ƙarfen ya yi tsatsa amma bai saki ba. An ce min bana za ki zo umra ke kaɗai, Hanan, da fasfonki da ba a taɓa tambayarki komai kafin a ba ki shi ba. Ki zo da shirin daka. Ranar da za ki koma ni zan ba ki sunayen, ke ki buga, kuma ba za mu tsallake Fashir ba.